Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Mai Hidima da Koyon Tsara Darasi ta Waya

Gabatarwa

A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ikilisiyoyinmu ƙanana ne, kuma a warwatse suke. Akwai wuraren da fasto ba ya samun kai musu ziyara sai sau ɗaya a wata. A sauran ranakun Lahadi, wanda yake tsayawa gaban jama'a da Littafi Mai Tsarki a hannu, ko dai dattijo ne manomi, ko malamin firamare, ko ma'aikacin da gwamnati ta turo aiki bakin iyaka. Waɗannan bayin Allah su ne suke ciyar da garken mako bayan mako. Yawancinsu ba su taɓa zama a ajin tauhidi ba, ba kuma za su iya barin gona da iyali su tafi Bukuru ko Kagoro su yi shekara 3 ko 4 ba.

Amma kusan kowannensu yana da waya a aljihu. Ta cikinta koyarwa iri-iri take shigo masa dare da rana: mai kyau, da gurɓatacciya, da ta masu sayar da mai da ruwan warkarwa. Abin da ya ji ranar Alhamis, sau da yawa shi jama'a za su ji ranar Lahadi. Idan ikilisiya ba ta koyar da masu wa'azinta ba, wani wanda ba mu san shi ba zai koyar mana da su.

Wannan ne ya sa na koma aji ina da shekara 52, bayan na daɗe cikin hidima, don in koyi abin da ake kira fasahar koyarwa da tsara darussan nesa. A nan zan bayyana abin da fannin ya ƙunsa, da wahalar da babba yake sha wajen koyonsa, da yadda za a yi amfani da shi a irin ƙasarmu.

Mene ne fasahar koyarwa?

Na tafi da tunanin cewa za a koya mini kwamfuta. A ranar farko malaminmu, wanda na girme shi da kusan shekara 20, ya ce kada kowa ya kunna na'ura. Ya raba mana farar takarda, ya ce kowa ya amsa tambaya biyu: wane ne ɗalibinka, kuma me zai iya yi bayan darasinka wanda ba ya iya yi a da? Na yi shekaru ina koyarwa, amma na zauna ina juya biro, na rasa abin rubutawa. Na san abin da nake so in faɗa. Ban taɓa tsayawa na tambayi abin da mai sauraro zai tashi da shi ba.

Fannin yana da ɓangare biyu. Na farko shi ne kayan aiki: allo, littafi, rediyo, kaset, waya, kwamfuta, intanet. Na biyu shi ne tsarin darasi, wato yadda ake shirya abin da za a koyar daki-daki, domin mutumin da ba ya gabanka ya iya bi har ya kai ga iyawa. Kayan aiki kamar garma ne, tsarin darasi kuwa shi ne sanin noma. Kowa ya san mallakar garma ba ta cika rumbu. Yawancin masu hidima da suke jin tsoron wannan fanni, ɓangaren farko ne yake ba su tsoro, alhali shi ne mai sauƙi. Ɗan sakandare zai koya maka tura saƙon murya kafin shayi ya huce. Ɓangare na biyu shi ne mai wuya, kuma a nan ne shekarun mai hidima suke da amfani.

Abin ba sabo ba ne a ikilisiya

Manzo Bulus malamin nesa ne. Ikilisiyar Kolosi ba shi ya kafa ta ba, amma ya koyar da ita ta wasiƙa. Ku duba yadda ya tsara abin a Kolosiyawa 4:7-16. Ya aika wasiƙar ta hannun Tikikus, mutumin da zai iya ƙara bayani da baki. Ya umarta a karanta ta a taron jama'a, sa'an nan a kai ta Lawudikiya, a kuma karɓo tasu a karanta. Wasiƙar kanta ta fara da koyarwa a kan Almasihu, ta ƙare da yadda za a yi zaman gida da na aiki. Ga rubutaccen darasi, ga mai jagora, ga taro, ga abin aikatawa.

A ƙasar Hausa ma an sha yin haka. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ya kai Maganar Allah ƙauyukan da mai bishara bai taɓa takawa ba. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci, magidanta masu furfura suka zauna a gindin bishiya suna koyon baƙi da wasali. Gidan rediyon ELWA da ke Laberiya ya fara aiki a 1954, yana watsa shirye-shirye har da na Hausa. Shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos an riƙa watsa su daga Addis Ababa har zuwa 1977, lokacin da gwamnatin soja ta Habasha ta karɓe tashar. A fannin boko, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da malaman firamare masu yawa suna kan aikinsu, ta hanyar littattafan karatu a gida da haɗuwar ƙarshen mako.

Wanda ya fi kusa da bukatarmu shi ne tsarin da aka fi sani da TEE, wato kai karatun tauhidi inda ɗalibi yake. An fara shi a ƙasar Gwatamala a 1963, a makarantar tauhidi ta ikilisiyar Firesbiteriya. Malamanta, irin su Ralph Winter da James Emery da Ross Kinsler, sun lura cewa ainihin shugabannin ikilisiyoyin karkara magidanta ne masu gona da iyali, waɗanda ba za su iya zuwa makarantar kwana ba. Sai suka kai makarantar wurinsu. Daga baya tsarin ya iso Afirka, aka rubuta littattafai masu sauƙin harshe dominsa, ikilisiyoyi da dama a arewacin Nijeriya kuma suka rungume shi. Abin da ya canja a zamaninmu shi ne abin ɗaukar saƙon. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, makarantun tauhidi da yawa suka ga tilas su koma koyarwa ta waya, ba tare da sun shirya ba.

Abin da babba yake fuskanta a aji

Gara in faɗi gaskiya domin mai niyya ya shirya. Abu na farko kunya ce. Mutumin da aka saba durƙusa masa a gaishe shi, yau ga shi ya kasa riƙe linzamin kwamfuta, yara suna kallo. A mako na biyu na yi awa 2 ina buga darasi, aka ɗauke wuta, kome ya tafi domin ban ajiye ba. Na fita waje na zauna, na ce wa kaina icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bushe.

Wata yarinya 'yar ƙungiyar matasanmu, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ita ta riƙa zuwa gida ran Asabar tana nuna mini. Ran nan ta ce, "Baba, ku daina ce mini in yi muku. Ku riƙe da kanku, ni zan faɗa muku inda za ku taɓa." Na ji nauyin maganar, amma gaskiya ta faɗa. Daga ranar hannuna ya fara sakewa. Afolos gwanin magana ne, masanin Littattafai, duk da haka ya zauna masu sana'ar ɗinkin tanti suka gyara masa fahimtarsa (Ayyukan Manzanni 18:24-26). Mai hidimar da ba zai iya karɓar gyara daga na ƙasa da shi ba, wannan karatu zai yi masa wuya ƙwarai.

Sauran matsalolin na jiki ne da na lokaci. Ido ya raunana, sai da tabarau, sai kuma an ƙara girman rubutun waya. Kalmar sirri tana ɓacewa daga kai, don haka a rubuta ta a ajiye inda ba kowa yake kaiwa ba. Kalmomin na'ura duk da Turanci suke. Jana'iza da ziyarar asibiti da sasanta ma'aurata ba sa jiran a gama aikin aji. Abin da ya taimake ni shi ne keɓe rabin awa kowace asuba bayan addu'a, da koyon abu ɗaya tak a rana, da maimaita shi sau 3 kafin in tashi.

Amma babba yana da jarin da yaro ba shi da shi. Wani masanin ilimin manya ɗan Amurka, Malcolm Knowles, ya yi bayani a wajen 1970 cewa babba ya fi koyo idan ya san dalilin da ya sa yake koyon abu, idan an ɗora sabon ilimi a kan abin da ya riga ya sani, idan kuma zai yi amfani da shi nan kusa don warware wata matsala. Na ga haka a kaina. Samarin ajinmu sun fi ni saurin hannu nesa ba kusa ba. Amma da aka zo bayyana wane ne ɗalibi, su suna zato ne, ni kuwa ina ganin fuskokin mutanena ɗaya bayan ɗaya, na san wanda yake karatu da ƙyar, na san wanda ba ya gida ranar kasuwa.

Kuskurena na farko

Da na iya ɗaukar bidiyo, sai murna ta ɗebe ni. Na sa rigar hidima, na tsaya na yi koyarwa ta minti 50 a kan yadda ake shirya wa'azi, na tura a zauren WhatsApp da na buɗe wa masu wa'azinmu da malaman makarantar Lahadi, su 14. Na jira yabo. Bayan mako guda na gano mutum 2 ne kawai suka sauke shi. Ɗaya daga cikin dattawanmu na wajen Sule Tankarkar ya ce mini, "Baba Fasto, abin naka ya cinye mini datar wata guda, bai ma gama sauka ba." Wanda ya kalla har ƙarshe kuwa, da na tambaye shi abin da ya koya, sai ya ce, "An yi albarka ƙwarai." Iyakar abin da ya riƙe ke nan.

Laifin nawa ne. Na ɗauko mumbari na cusa cikin waya. Ban tambayi irin wayar da suke da ita ba, ban raba abin gida-gida ba, ban ba su abin yi ba, ban kuma shirya hanyar da zan san ko sun iya ba.

Matakai 5 na tsara darasi

Masana sun daɗe suna amfani da wani tsari mai matakai 5, wanda aka tsara a wata jami'a ta jihar Florida a Amurka a shekarun 1970. Ga shi yadda ya dace da mu.

*1. Bincike.* Kafin ka shirya kome, san ɗalibanka. Da na zagaya na tambaya, na tarar wasu babbar waya gare su, wasu ƙarama mai madannai wadda ba ta WhatsApp amma tana karɓar memori. Wasu matan wayar maigida suke aro, sai dare take zuwa hannunsu. Da yawa sai sun kai caji wurin mai janareta ko mai sola sun biya. Na kusa da iyaka kuma wani lokaci wayarsu layin Nijar take kamawa. Duba kalandar noma ma. Daga Yuni zuwa Satumba mutane suna gona. Daga nan sai girbin gero da wake da riɗi da zoɓo. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci, kada ka sa ran amsa a ranar. Lokacin da ya fi dacewa da mu shi ne daga Janairu zuwa Afrilu, kafin sharar gona.

*2. Tsarawa.* Rubuta manufa da kalmar aikin da ido zai gani ko kunne zai ji. "Ɗalibi zai gane Littafi Mai Tsarki" ba za a iya auna shi ba. "Ɗalibi zai karanta nassi, ya faɗi babban batunsa cikin jimla ɗaya" ana iya aunawa. Benjamin Bloom da abokan aikinsa sun nuna a 1956 cewa koyo hawa-hawa ne: tunawa tana ƙasa, sai fahimta, sai amfani da abin, har zuwa rarrabewa da yanke hukunci. Yawancin jarrabawarmu a ikilisiya a matakin hadda take tsayawa, alhali mai wa'azi amfani da rarrabewa yake bukata. Bayan manufa, sai ka yanke yadda za ka gwada ɗalibi, daga nan ne za ka zaɓi abin da za ka koyar. Duk abin da ba ya kai ɗalibi ga manufar, ko da yana da daɗin faɗi, ajiye shi.

*3. Haɗa kaya.* A ƙasarmu murya ta fi bidiyo. Ba ta cin data sosai, ƙaramar waya tana kunna ta, wanda karatu yake yi wa wuya yana amfana, ana kuma iya ji a kan amalanke. Kada saƙo ya wuce minti 5 zuwa 7, kuma batu ɗaya kawai. Rubuta abin da za ka faɗa tukuna, ka ɗauka a ɗaki mai shiru da sassafe. Yi magana kamar mutum ɗaya ne zaune a gabanka, ka bar muryar mumbari. Haɗa kowane saƙo da takarda mai shafi ɗaya. Idan za ka yi rubutu, sa madannan Hausa a wayarka domin haruffa masu lanƙwasa. Ɗa daban, da daban. Ƙasa daban, kasa daban. A koyarwar tauhidi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai manyan manhajoji na makarantu, irin su Moodle, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2002, da Google Classroom. Suna da amfani ga kwaleji mai wuta da intanet. Ga ƙauye, WhatsApp da memori da takarda sun isa.

*4. Gudanarwa.* Fara da taro ido da ido. A nan za a saka wa masu ƙananan wayoyi darussan duka a memori, a raba takardu, a gwada tura saƙo kowa yana gani, a kuma amince da dokokin zaure. Naɗa mataimaki a kowane yanki, irin aikin da Tikikus ya yi, wanda zai tattaro amsar marasa data. Amsa wa ɗalibi cikin kwana 2. Ɗalibin nesa da ya yi aiki ya ji shiru, ba zai sake yi ba.

*5. Aunawa.* Ana auna ɗalibi, ana kuma auna darasin. Idan mutum ɗaya ya kasa, wataƙila daga gare shi ne. Idan rabin aji suka kasa a wuri guda, darasin ne yake da gyara.

Misalin mako ɗaya

Na sake gina koyarwar nan ta minti 50 ta zama darussan mako 8. Ga yadda mako na 3 ya kasance. Manufa: ɗalibi zai karanta Markus 4:1-20, ya faɗi babban batun cikin jimla ɗaya, ya nuna ayar da ta goyi bayan amsarsa.

Ran Litinin na tura murya ta minti 6, ina nuna yadda ake neman babban batu, amma da wani nassi dabam, domin kada in ba su amsa. Talata da Laraba kowa ya karanta nassin sau 3 da ƙarfi, ya amsa tambayoyin takarda: su wa ake yi wa magana, wace kalma ce take ta maimaituwa, ina Yesu da kansa ya fassara misalin? Ran Jumma'a kowa ya turo amsarsa da murya, kada ta wuce minti 2. Asabar na mayar wa kowa martani shi kaɗai, abu ɗaya da ya yi daidai da abu ɗaya na gyara. Lahadi ya koyar da nassin a sujada ko a ajin yara ko a addu'ar gida.

Wani manomi daga wajen Gagarawa ya turo amsar da ba zan manta ba. Ya kwatanta iri da ya faɗa kan duwatsu da shukar binne: ruwan farko ya sauka, gero ya tsiro kore shar, sai ruwa ya ɗauke kwana 20, rana ta ƙone shi. Ya ce haka sabon tuba yake idan aka yi masa baftisma aka bar shi ba mai bibiya. Ban taɓa karanta wannan a littafin sharhi ba. Gyaran da na yi masa ɗaya ne: ya koma aya 17 ya ga cewa nassin ya ɗora nauyin a kan rashin saiwa, sa'an nan ya tambayi kansa yadda ake sa mai bi ya yi saiwa. Da na tsaya kan bidiyona, da wannan hikima ba ta fito ba.

Cikin mutum 14, 9 ne suka kai ƙarshe. An sace wayar ɗaya, an yi wa ɗaya canjin wurin aiki, mata 2 suka daina samun aron waya, ɗaya kuma ya yi shiru kawai. Batun matan nan ya dame ni, domin na san matsalar tun a mataki na farko, ban yi mata tanadi ba. A zagaye na biyu muka sa matar wani dattijo ta riƙa tara su bayan taron zumuntar mata, su saurara tare a waya ɗaya.

Abin da waya ba za ta yi ba

Ted Ward, wani malamin jami'a a Amurka da ya taimaka wa tsarin TEE, ya kwatanta shi da shinge mai itatuwa biyu a kwance da dirkoki a tsaye. Itace ɗaya karatun gida ne, ɗayan kuma hidimar da ɗalibi yake yi a ikilisiyarsa. Dirkokin su ne haɗuwa a kai a kai. Idan babu dirka, itatuwan a ƙasa za su kwanta. Waya tana iya ɗaukar karatun gida. Ba za ta iya zama dirka ba.

Halayen da 1 Timoti 3:1-7 ya lissafa wa shugaban ikilisiya, kusan dukansu a gida da kasuwa ake ganinsu: yadda mutum yake da matarsa, yadda yake da kuɗi, yadda yake in an ɓata masa rai, da shaidar da maƙwabta suke yi masa. Saƙon murya ba ya nuna waɗannan. Manzo Yahaya ma, bayan ya rubuta gajeriyar wasiƙarsa ta biyu, ya nuna cewa sauran maganar ya fi so su yi ta ido da ido (2 Yahaya 12). Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Saboda haka muna haɗuwa a Gumel sau ɗaya a wata, mu yi addu'a, mu ci abinci tare, mutum 2 su yi wa'azin gwaji sauran su yi musu gyara cikin ƙauna. Ni kuma nakan je in zauna a bayan ɗakin sujada in ji ɗalibi yana wa'azi a gaban mutanensa.

Abubuwan hattara

Zauren karatu na karatu ne. A hana tura jita-jita, da hotunan tashin hankali, da siyasa, da duk maganar da ta taɓa mutuncin addinin maƙwabtanmu. Muna zaune cikin Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, kuma abin da aka tura a waya ba a san inda zai kwana ba. Kada a kawo asirin wanda ya zo neman shawara a matsayin misali, ko da an ɓoye suna, domin a ƙaramar ikilisiya kowa zai gane. Kada a sa sunan mai neman bangaskiya ko hotonsa a zaure. Kada a ɗauki hoton littafin wani dukansa a rarraba ba da izini ba, wannan cin haƙƙi ne. Yanzu kuma akwai manhajojin da suke rubuta wa mutum wa'azi cikin ƙiftawar ido. Wannan ma dalili ne na neman amsa da murya, da misali daga ƙauyen ɗalibi, da jin wa'azinsa da kunnenka.

Ga shugabannin ikilisiya

Majalisa ta sa kuɗin data da buga takardu da motar haɗuwar wata a cikin kasafin shekara, kada a bar wa fasto shi kaɗai. A haɗa dattijo da matashi su yi aikin tare, ɗaya da sanin Littafi da mutane, ɗaya da saurin hannu. A sa wani malamin tauhidi ya saurari darussa kafin a tura su, gama kuskuren da aka ɗauka a murya yakan yi ta yawo shekara da shekaru. A fara da kwas ɗaya gajere, a gama shi, a gyara, kafin a ƙara wani. Kuma kada a ɗauki wannan a matsayin madadin kwaleji. Cikin masu karatun gida ne za a gano waɗanda ya kamata a tura su cikakken horo.

Kammalawa

A 2 Timoti 2:2 ana ganin koyarwa tana bin hannu huɗu: daga Bulus zuwa Timoti, daga Timoti zuwa mutanen da aka amince da su, daga su kuma zuwa waɗansu. Aikinmu bai cika ba sai na uku ya iya koya wa na huɗu. Har yanzu da yatsa 2 nake buga rubutu, har yanzu nakan kira yarinyar nan idan waya ta rikice mini. Amma manomin nan na Gagarawa, a ranin da ya wuce shi ya jagoranci mutum 3 na yankinsa cikin darussan nan 8, da memori ɗaya da takardun da ya adana a leda. Ubangiji ya ba mu tawali'un koyo, ya kuma ba mu amincin koyarwa. Amin.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Su wane ne suke wa'azi a ikilisiyoyin yankinka ranar da fasto ba ya nan? Daga ina suke samun abin da suke koyarwa?
2. Karanta Kolosiyawa 4:7-16. Waɗanne matakai Bulus ya ɗauka domin koyarwarsa ta isa, a kuma fahimce ta?
3. Me ya bambanta wa'azi da darasi? Me ya sa wa'azi mai kyau zai iya zama darasin nesa marar amfani?
4. Su wa za a bari a baya idan ikilisiyarku ta fara koyarwa ta waya? Wane tanadi za ku yi musu?

Aikin yi

Zaɓi mutum 5 da kake so ka horar. Tambayi kowannensu irin wayarsa, da inda yake caji, da lokacin da yake da sarari. Rubuta manufa ɗaya da za a iya aunawa, ka ɗauki saƙon murya na minti 5 a kanta, ka tura musu tare da tambaya ɗaya. Kawo amsoshinsu aji na gaba domin mu duba tare.